Me ke riƙe jirgin lilo idan wuta ta ɗauke yana tsakiyar hawa?

Sabo Tela: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ƙanena da ke aiki a Dubai ya turo min wani bidiyo jiya da daddare, har yanzu abin bai bar raina ba. Irin jirgin lilon nan ne na gidajen wasa, wanda ake kira rola kosta, mai hawa dogon tudun ƙarfe sannan ya sulalo da mutane suna ihu. To wannan yana cikin hawa, ya kusa ƙololuwa, sai ya tsaya cak. Mutane na kishingiɗe fuskokinsu na kallon sama. Can sai ga ma'aikata sun biyo wata matakala da ke gefen layin, suna kwance mutane ɗaya bayan ɗaya, ana saukowa da ƙafa. Tambayata ita ce, me ya riƙe shi a wurin? Ni dai na san ko amalanke ce a gangaren gada, in shanu suka saki jiki baya za ta yi.

Ɗanjuma Direba: Wa alaikumus salam. Birki ne mana Sabo. Inji ya mutu, direba ya taka birki ya bar shi a giya. Mu ma haka muke yi a hawa.

Habu Mai Walda: Yaya Ɗanjuma, a nan kam ba haka ba ne. Jirgin nan ba shi da direba a ciki, ba shi da inji, ko tankin mai babu. Taragu ne zalla a kan ƙafafu. Injin yana kafe a jikin tudun, mai aiki da lantarki ne, yana juya wata doguwar sarƙa da ta zagaye tudun daga gindi zuwa sama ta dawo ta ƙarƙashi, kamar yadda sarƙar babur ke zagaye sifoket biyu. Sarƙar tana gudu ne cikin wani kwaroro mai kama da indararo a tsakiyar layin. A ƙarƙashin taragon akwai ƙugiya mai lilo, da jirgi ya iso gindin tudu sai ta faɗa cikin ƙwayar sarƙa, sarƙa ta ja shi sama. Na daɗe ina bin bayanin abin nan saboda sha'awa.

Ɗanjuma Direba: Habu ka tsaya. Abin da ba shi da inji shi ne zai yi wannan gudun? Na ga irinsa a waya, ya fi duk wata mota da ke bin hanyar Haɗeja gudu.

Malama Rabi: Malam Ɗanjuma, gaskiyar Habu ce. Ka dubi tankin fanfon solar da ke bakin kasuwarmu. Da rana famfo yana ta tura ruwa sama a hankali. Da magariba rana ta faɗi, famfo ya tsaya, amma in ka buɗe kan famfo ruwa zai zubo da ƙarfi. Wa ke turo shi? Tsayin da aka ɗora shi a kai. To tudun farko shi ne tankin jirgin nan. Duk ƙarfin da zai yi tafiyarsa da shi, da lanƙwasa da juyi da hawa da sauka, a wannan hawa ɗaya aka zuba masa. Daga ƙololuwa nauyinsa ne kawai ke aiki. Shi ya sa a irin mai sarƙa tudun farko ya fi duk na bayansa tsayi, domin a hanya gogayyar ƙafafu da layi da kuma iskar da ke tare shi suna ta rage masa abin da ya tara, ba zai iya sake kai wa tsayin da ya baro ba.

Ga lissafin da nake koya wa 'yan aji biyar. Ka ninka tsayin gangaren a mita sau 2, ka ninka da 9.8, ka nemo tushen lambar da ta fito, wato lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka ita, wannan tushen shi ne gudun a mita cikin daƙiƙa ɗaya. Akwai wani a gidan wasa na Cedar Point a jihar Ohayo ta Amurka, sunansa Millennium Force, an buɗe shi a 2000. Tsayinsa mita 94, gangarensa na farko mita 91. In ka yi lissafin za ka samu kusan mita 42 a daƙiƙa, wato kusan kilomita 152 a awa. Gudun da aka sani yana yi kilomita 150 ne a awa. Ka ga ɗan abin da ya rage shi ne rabon iska da gogayya.

Ɗanjuma Direba: Allah ya ƙara ilimi Malama. Na yarda da batun tanki. Amma tambayar Sabo tana nan. Sarƙa ce ke ja, to wuta ta ɗauke, ko sarƙar ta tsinke, ai sarƙa tana tsinkewa. Sai me?

Sabo Tela: Yauwa, nan nake jira.

Habu Mai Walda: Sabo, ka sake kunna bidiyon ka ƙara murya daga farko. Za ka ji ƙara, ƙas ƙas ƙas ƙas, tun daga gindin tudu. Yawancin mutane suna ɗauka ƙarar sarƙa ce. Ba ita ba ce. A gefen kwaroron sarƙar an shimfiɗa wani dogon ƙarfe mai haƙora irin na zarto, tun daga ƙasa har sama. Kowane haƙori gefensa ɗaya a kwance yake, ɗaya gefen a tsaye. A ƙarƙashin taragu kuma akwai wani harshen ƙarfe mai kauri, dabam da ƙugiyar sarƙa, yana jan ciki a kan haƙoran nan. In jirgi na hawa, harshen zai bi gefen da ke kwance ya hau, ya faɗa bayan haƙori, ya hau na gaba ya faɗa. Faɗawar nan ita ce ƙarar. In jirgi ya ce zai koma baya, harshen zai ci karo da gefen da ke tsaye ya cije. Iyakar baya da zai yi ita ce tazarar haƙori ɗaya. Ba ya neman wuta, ba ya jiran wani ya danna wani abu. Kuma ba harshe ɗaya ba ne a jirgin, ana sa fiye da ɗaya.

Isuhu Mai Gyaran Keke: Kai Habu, ai firiwil ka kwatanta! Wallahi shi ne. Duk wanda bai taɓa buɗe firiwil ɗin keke ba ya zo rumfata ran kasuwa in nuna masa. In ka kwance murfin, ka tare 'yan ƙwayoyin boris kada su watse a ƙasa, za ka ga 'yan harsuna biyu ƙanana kamar farcen yatsa, da wata siririyar waya da ke tura su waje. Jikin zoben kuma ta ciki haƙora ne masu kwanciya gefe ɗaya. Ƙarar tik tik da kake ji in ka daina taka feda a gangare, harsunan nan ne ke tsallake haƙora. In giris ya daskare da ƙura harsunan suka maƙale, sai ka taka feda ta yi ta juyawa a banza keke bai motsa ba. Sau nawa ake kawo min irin wannan, in wanke da kananzir kawai ya dawo daidai.

Habu Mai Walda: Allah ya biya ka Isuhu, ka ma ba ni amsar abin da na so in ƙara. Ita ma ƙugiyar sarƙar haka take aiki, ta gefe ɗaya take kamawa. Shi ya sa a ƙololuwa ba a buƙatar kowa ya kwance jirgi daga sarƙa. Da ya fara gangarawa ya fi sarƙar sauri, sai ƙugiyar ta zame ta fita da kanta, kamar yadda tayar keke ke wuce feda a gangare.

Ɗanjuma Direba: Ashe waigi ne. Da muna yaran mota, in babbar mota ta ɗauko ridi ta zo hawa tana nishi, sai ka diro da waigi a kafaɗa kana bin tayar baya a guje, da ta tsaya ka cusa. Wannan sun yi waigi ne a kowane taku, kuma mai sa kansa.

Malama Rabi: Akwai wani abu mai daɗi game da ƙololuwar da Habu ya ambata. Jirgin dogo ne, taragu da yawa a haɗe. Lokacin da taragon gaba ya leƙa gangare, na baya suna kan hawa, nauyinsu yana riƙe da shi. Shi ya sa na gaba suke ɗan rataye suna kallon ƙasa a hankali. Sai mafi yawan nauyin ya tsallaka sannan abin ya ɓalle. Kafin taragon ƙarshe ya iso ƙololuwa gudu ya riga ya kankama, sai a fizgo shi ta kan tudun. Wanda ya zauna a baya da wanda ya zauna a gaba ba abu ɗaya suke ji ba, alhali jirgi ɗaya suka hau.

Liman Ƙarami: Ina bin zancen nan tun ɗazu. Ilimin ƙarfen na ji shi, kuma abin a yaba ne. Amma ni zuciyata ba ta kwanta da mutum ya biya kuɗi a ɗaga shi mita 90 a sako ba. An hana mu jefa kanmu ga halaka. Kuma bidiyon Sabo ai shaida ne cewa abin yana lalacewa.

Injiniya Nura: Allah ya gafarta Malam, hukuncin hawa ko rashin hawa na bar muku, ku ne masu shi. Amma tsayawar da aka gani a bidiyon ba lallai lalacewa ba ce, sau da yawa tsaron ne ya yi aikinsa. An raba layin gida-gida, kuma ƙa'idar ita ce jirgi biyu ba sa haɗuwa a gida ɗaya. Akwai na'urorin lura a jikin layin da ke gaya wa kwamfuta inda kowane jirgi yake. In jirgin gaba bai fita daga gidansa ba, ko wata na'ura ta ba da labarin da bai yi daidai ba, kwamfuta za ta tsayar da sarƙa kafin na baya ya tsallake ƙololuwa. Dalili kuwa a fili yake: da zarar ya tsallaka, ba mai iya tsayar da shi sai ya kai wurin birki na gaba. Tudun hawa wuri ne da aka tanada don tsayawa, shi ya sa matakala take nan a gefensa tun ran gini.

Birkin ma ba a jikin jirgin yake ba, a jikin layi yake. An tsara shi ne yadda iskar kwamfuresa ke buɗe shi, in iska ko wuta ta yanke ya matse da kansa. Akwai kuma na maganaɗisu, wanda ke rage gudu ba tare da ya taɓa komai ba, ba ya ma buƙatar wuta. Haɗari yakan faru, ba zan ce ba ya faruwa ba, kuma abin da ke raba lafiya da haɗari a irin wannan injin shi ne duba na kullum: sarƙa ta saki ko ba ta saki ba, harsunan sun cinye ko suna nan, notuna a ɗaure suke.

Liman Ƙarami: Na fahimta Injiniya. Ni dai ba zan hau ba, amma na janye maganar shaida.

Aminu Ɗan Makaranta: Injiniya don Allah, injin da ke jan sarƙar girmansa kamar yaya? Zai kai na niƙa?

Injiniya Nura: Bari mu ƙaddara misali Aminu. A ce jirgi da mutanensa tan 10 ne, nauyin buhu 100 masu kilo 100 kenan. A ce za a ɗaga shi mita 60 cikin minti ɗaya. Ka ninka kilo 10,000 da 9.8 da 60, ka raba da daƙiƙa 60, za ka samu wat 98,000, wato ƙarfin doki 130 da 'yan kai, tun ba a sa asarar gogayya ba. Ka ga ya yi wa injin niƙa nisa. Kuma injin lantarki da sauri yake juyawa, don haka ana bi da shi ta akwatin giya, a rage sauri a ƙara ƙarfin ja, kamar yadda Ɗanjuma ke sa lamba ɗaya a hawa. Sarƙar kuma tana sakin jiki da tsufa kamar ta babur, don haka akwai abin da ke ɗame ta kullum.

Nauyin sarƙar kanta matsala ne in tudu ya yi tsayi sosai. Shi ya sa wancan na Ohayo da Malama ta kawo, kamfanin Intamin da ya ƙera shi bai sa sarƙa ba, igiyar waya ya sa. Wani ɗan tarago ne ke kama jirgin daga tasha, igiya ta ja shi sama da sauri, ya sake shi a ƙololuwa ya dawo ƙasa jiran na gaba. Amma sarƙa ba ta mutu ba, Fury 325 da aka buɗe a 2015 a Amurka tsayinsa mita 99 ne kuma sarƙa ke jan sa. Ƙananan na yara kuma wasu tayoyi ne kawai a jere a jikin layi suna murza jirgin sama. Wasu ba su da tudun hawa sam, harba su ake yi daga ƙasa, kamar Formula Rossa na Abu Dabi mai kai wa kilomita 240 a awa.

Malama Rabi: Tarihin ma zai burge manoman zauren nan. A 1827 aka shimfiɗa wani layi a Mok Cank, a jihar Pensilbaniya ta Amurka, don sauko da gawayin ƙasa daga kan dutse zuwa bakin kogi. Taragu na gangarowa da nauyinsu, alfadarai ne ke mayar da su sama fanko. Su alfadaran a cikin tarago ake sauko da su. Daga baya aka sa injin tururi, mutane kuma suka fara biyan kuɗi don su ɗanɗana gangaren. Na farkon da aka gina don wasa a Koni Ailan ta Niyok, na LaMarcus Thompson a 1884, ba shi da sarƙa: mutane ke hawa bene da ƙafa su shiga, ma'aikata su tura. Shekara ɗaya bayan haka, 1885, Phillip Hinkle ya yi wanda inji ke jawo shi sama.

Hajiya Talatu: Ku gafarce ni, ni fa abin da ke damuna dabam. Garin da rijiyar unguwa ta kusa ƙafewa, ana neman masu yasa, mun kwana muna zancen wasan Turawa.

Baba Ila: Hajiya, ki bar su, ni wannan zancen ya taɓa ni fiye da kowa. Jikana ne ke karanta min, na ce ya rubuta abin da zan faɗa. Shekara talatin ina haƙa rijiya da yasa. Daga baya muka samu irin ƙarfen nan da ake gittawa a bakin rijiya, igiya na naɗewa a jikinsa, ana juya shi da hannu. Wata rana muna yasar wata rijiya mai gaba goma sha biyu, abokin aikina yana ƙasa yana cika guga da laka, ni da wani yaro muna juyawa. Guga ta zo rabi, tafin yaron duk laka, hannunsa ya zame, ni kaɗai na kasa riƙewa. Hannun ƙarfen ya ƙwace ya dawo da baya kamar farfela, ya dake ni a nan ƙasan gwiwar hannu, na ji ƙashi ya ce ƙas. Guga ta koma da nauyinta. Allah ya sa na ƙasa ya ji ihu ya manne da bango, ta gefen kafaɗarsa ta wuce ta nutse cikin laka. Wata uku ina ɗaure a wajen mai ɗori, har yau hannun ba ya miƙewa sosai. Da akwai wannan harshen da Habu ya faɗa a jikin ƙarfen nan, da guga ta tsaya inda take.

Hajiya Talatu: Subhanallahi. Sannu Baba, Allah ya ƙara lafiya. Ban san ta nan zancen zai ɓullo ba.

Habu Mai Walda: Sannu Baba Ila. Gaskiya ni da farko abin da ke raina shi ne in haɗa wa yara ɗan ƙaramin jirgin lilo na Sallah, tudun mita 3. Amma na yi lissafin Malama yanzu, mita 3 ma yana ba da kusan kilomita 28 a awa, gudun da in yaro ya faɗo daga babur an san sauran. Ga shi ainihin jirgin ƙafafunsa kashi uku ne, na sama da na gefe da na ƙarƙashin layi masu hana shi tashi, ni kuwa ba ni da abin lanƙwasa bututu daidai. Na ajiye wannan. Na rijiya kuwa zan iya. Faranti mai kauri zan yanka in fitar masa da haƙoran zarto a zagaye, in liƙa a jikin ƙarfen naɗin igiya, in sa harshe a sama wanda nauyinsa zai riƙa kwantar da shi.

Injiniya Nura: Habu, abu uku. Kada ka dogara da walda kaɗai wajen riƙe farantin, ka huda ka zura ƙusa ta ratsa shi da ƙarfen, domin lokacin da harshe ya cije duk nauyin a nan yake sauka lokaci ɗaya. Gefen haƙorin da ke tsaye ka ɗan karkato shi ciki, yadda nauyi zai ƙara jawo harshen ciki maimakon ya tofar da shi. Na uku ya fi muhimmanci: harshen yana tsaron hawa ne kawai. In za a zura mutum ƙasa dole a ɗage shi, a lokacin ba abin da ke tsaro. Don haka ana buƙatar birki dabam, kuma mutum ya sauka da igiya ta biyu a ƙugunsa, a naɗa ta a jikin turke wani yana sassautawa.

Isuhu Mai Gyaran Keke: Birkin ai tsohon bel ɗin injin niƙa zai yi. A zagaya shi a jikin fuli, a ɗaure bakinsa ɗaya, ɗayan a jikin sanda, in ka danna ya shaƙe. Ina da bel biyu a rumfa.

Ɗanjuma Direba: Faranti kuma kada ka saya Habu. Akwai wani mai kauri a garejinmu, gobe in na dawo daga Gujungu zan sauke maka a bakin shago.

Baba Ila: In kun haɗa kada a fara da mutum. A cika buhu biyu da yashi a ɗaure, a jawo su rabin rijiya a saki hannu da gangan, sau goma. Ni zan zo in tsaya a kai.

Habu Mai Walda: To Baba. Sabo, ka tambayo mana mai unguwa ko za a ba mu rijiyar bayan masallaci ran Asabar da hantsi. A auno min kuma kaurin ƙarfen da masu yasar za su zo da shi, don in san girman ramin da zan huda a farantin.

Sabo Tela: Yanzu zan je da tef ɗina in auno.